Sitiyarin RX330 ya maƙale a sama, ya ƙi saukowa

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗin da ban shirya masa ba. Motata Lexus RX330 ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, shekara 6 ke nan tana hannuna. Irin wadda ake ɗaga sitiyarinta a sauke da ɗan maɓallin nan na gefen hagu a wuyan sitiyari, ba da hannu ba. Idan na zare makulli sitiyarin yakan ɗaga sama da kansa ya ba ni hanyar fita, in na mayar da makulli ya dawo inda na bar shi. To ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na sa makulli, ya ƙi dawowa. Yana nan a ɗage har yau.

Gaba da baya yana yi lafiya lau. Sama da ƙasa ne ya ƙi. In na danna maɓallin ƙasa sai in ji ɗan gurnani kamar na daƙiƙa ɗaya, sai shiru. Kullum daga Arkilla nake zuwa Bodinga aiki, kuma tuƙi da hannu a sama ya fara taɓa mini kafaɗa. Na kai wani gareji, mai gyaran bai ko kwance komai ba ya ce wuyan sitiyarin gaba ɗaya za a canza, a yo oda daga kasuwar Ladipo ta Legas. Kuɗin da ya faɗa ya kusa cinye albashina na wata. Akwai wanda ya taɓa gamuwa da wannan?

Direban Illela:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka duba man fawa tukuna. Dut motad da sitiyarinta yay yi tauri, can aka fara dubawa.

Oga Rewaya:
Allah ya ƙara girma Baba, amma wannan ba ruwansa da man fawa. Fawa aikinsa sauƙaƙa juya sitiyari hagu da dama, kuma a RX330 famfo ne da bel ke ja daga inji. Abin da Baban Khalifa ke magana a kai lantarki ne zalla, yana cikin mota ƙarƙashin murfin robar da ke wuyan sitiyari. Ko a cika tankin fawa har ya tumbatsa, sitiyarin nan ba zai sauko ba.

Baban Khalifa, bayaninka ya riga ya rage mana rabin aiki. A wuyan nan ƙananan moto na lantarki biyu ne, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na gaba da baya, kuma kwamfuta ɗaya ke ba su umarni. Tunda gaba da baya na yi, wuta na isowa, kwamfutar kuma da ranta. Tunda kuma kana jin gurnani in ka danna, maɓallin ma yana aika saƙo. Saura abu uku: ko moton ya gaji, ko hanyar da yake turawa ta cije, ko wani abu ya karye tsakaninsu. Tambayata, kafin ranar Juma'ar nan, ya kasance yana tafiya a hankali ko yana tsayawa a rabin hanya?

Baban Khalifa:
Ƙwarai kuwa Oga. Tun cikin hunturu ya fara jan ƙafa, musamman da asuba. Wani lokaci sai na danna sau biyu ko uku ya ƙarasa. Da rana ta yi sai ya ware, shi ya sa ban kula ba.

Ɗan Mabera:
Yallaɓai abu mai sauƙi ne. Ka fesa masa WD-40 ta ƙasa, ka danna maɓallin, wani ya rataya a jikin sitiyarin ya danno shi da ƙarfi. Haka muka yi wa ta yayana ta sauko nan take.

Oga Rewaya:
Ƙanena don Allah kada ka sake ba wani wannan shawarar. Bari in faɗi yadda abin yake a ciki don kowa ya gane dalili. Moton ɗan ƙarami ne, bai kai gwangwanin madara ba. Yana juya wani dogon ƙarfe mai zare kamar ƙusar noti, a jikin ƙarfen kuma akwai noti da ke hawa yana sauka, shi ke ɗaga wuyan sitiyari ko ya sauke shi. Irin wannan haɗi daga ɓangaren moto kawai yake juyawa. In ka danno daga sama, ba juyawa zai yi ba, nauyinka duk a kan zaren zai sauka. Ga shi a cikin waɗannan kayan akwai na roba. In zaren ya cinye, sitiyari zai riƙa wasa sama da ƙasa a hannunka kana cikin gudu, kuma daga nan gyara ya wuce na wankewa, sai canji. Ta yayanka sa'a ta yi.

Shi kuma WD-40 ruwa-ruwa ne. Zai narkar da tsohon giris ya ba ka kwana biyu na jin daɗi, sannan ya bushe ya bar ƙarfen tsirara, ƙura ta samu wurin zama. Ina amfani da shi wajen wanki, amma ba ya maye gurbin giris.

Ɗan Mabera:
To Oga na karɓa. Gaskiya bayan wata guda tasa ta sake tsayawa, ban dai haɗa abin da feshin ba.

Mai Kayan Gyara:
Ni ina da ja a nan, kuma ba don ina sayar da kaya ba. Motar nan ta kai shekara 20 a duniya. Moton da ya yi wannan daɗewa ko ka wanke shi yau, kabon ɗinsa, wato ɗan gawayin da ke kai wuta cikin moton, ya riga ya cinye. Za ka biya kuɗin aiki yanzu, bayan wata 3 ka sake biya, ƙarshe dai ka dawo kan canjin da ka guje wa. Wuyan Beljiyam yana zuwa da motonsa biyu a ɗaure, a kwance tsoho a ɗaura wannan, an gama. Ba lallai sai Legas ba, ana samu a Kofar Ruwa ta Kano, wani lokacin har nan gida in an yanka mota mai hatsari. Mai garejin da ya ce a canza ba cuta ya yi ba.

Oga Rewaya:
Alhaji ban ce cuta ya yi ba, na ce bai duba ba. Kuma ka tuna wuyan Beljiyam ɗin nan daga jikin wace mota aka ciro shi? RX330 daga ƙirar 2004 zuwa 2006 aka yi ta, daga nan RX350 ta karɓa. Ke nan duk wuyan RX330 da za ka kawo sa'an nasa ne, giris ɗin cikinsa ma sa'an nasa ne, ƙari a kan haka ya kwana a kwantena da rumfar kasuwa. Sabon abu ba ka saya ba, tsohon wani ka saya.

Inda na yarda da kai shi ne in an buɗe aka tarar moton ya mutu. To ko a nan moton kaɗai ake cirewa, ƙusoshi kaɗan ne da soket ɗaya. Me zai sa a sauke wuya gaba ɗaya, a taɓa sitiyari, a taɓa jakar iska, a taɓa makulli, saboda abin da bai kai tafin hannu ba?

Mai Kayan Gyara:
Saboda masu kawo kaya ba sa son raba moto da wuyansa, Oga, kai ma ka sani. In sun cire moto, wa zai sayi ragowar? Shi ya sa kuɗin moto shi kaɗai yake zuwa da tsada.

Oga Rewaya:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma a fara buɗewa a gani.

Maman Ilham:
Salamu alaikum. Ni ba gwanar gyara ba ce, amma abin nan ya taɓa cina, shi ya sa zan sa baki. Tawa RX350 ce. Ni ba doguwa ba ce, in sitiyari ya tsaya a sama to ya rufe mini gaba, sai na riƙa leƙe ta samansa, ga yara a baya ina kai su makaranta ta shataletalen Dandima da safe, inda babura ke shigowa ta kowane ɓangare. Don haka a wurina ba kwalliya ba ce.

Bara tawa ta yi irin haka, na kai wa wani mai gyara, ya ce canji. Na yarda. Da na je ɗauka sitiyari na sauka yana hawa, na ji daɗi. Ina fita titi na danna ham, shiru. Ga fitilar jakar iska a kunne a dasbod, maɓallan rediyo na jikin sitiyari duk sun mutu. Ashe lokacin da suka cire sitiyarin, yaronsa ya juya wani faifai da ke bayansa, da aka mayar aka karya kwana sai wayar cikinsa ta tsinke. Sai da na sake sayen wannan faifan, kuma ya ƙi ɗaukar ko sisi na asarar, ya ce dama can ta kusa lalacewa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na yi kwana 9 ina yawo da yara ban san jakar iskar gabana ba za ta buɗe ba in wani abu ya faru. Baban Khalifa, duk wanda zai taɓa motarka ka tsaya a kansa.

Oga Rewaya:
Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Faifan da kike faɗa, a cikinsa wata siririyar waya ce mai faɗi a naɗe kamar tabarma, ita ke kai wuta ga ham da jakar iska alhali sitiyari na juyawa. A motocin Toyota da Lexus zagaye kusan 5 take da shi gaba ɗaya, biyu da rabi kowane gefe daga tsakiya. In an ɗaura ta ba a tsakiya ba, ranar da aka murɗa sitiyari har ƙarshe ta tsinke. Mai aiki da hankali yakan miƙe tayoyi tukuna, ya manne faifan da salatif kafin ya ajiye. Wannan na cikin dalilan da nake ƙin sauke wuya in ba dole.

Direban Illela:
Ni hwa abin ga mamaki shika ba ni. Shekara 30 ina bisa hanya, Sakkwato zuwa Illela, Sakkwato zuwa Jega ta Tambuwal. Motocin da munka tuƙa, ɗan hannu na ƙarƙashin sitiyari, ka jawo ka gyara ka mayas. Ba shi mutuwa. Alhaji, in an samu ya sauko daidai ƙirjinka, a cire soket ɗin gaba ɗai a huta. Mutum guda ka tuƙa motag ga, mi za a yi da hawa da sauka?

Baban Khalifa:
Baba wallahi na yi wannan tunanin. Sai dai uwargida ma tana tuƙa ta ranar Asabar da Lahadi, kuma tsawonmu ba ɗaya ba. Ita lamba 2 ce a maɓallin jikin ƙofa, ni lamba 1. In ta danna, kujera da madubi da sitiyari duk su koma nata.

Malamin Fasaha:
Maganar Baba Direba akwai hikima a cikinta, a gyara mata zama kawai. Ku yi lissafi da ni. Mutum ya tsaya wuri 10 a rana: masallaci, kasuwa, makarantar yara, gidan mai, gaisuwa. Kowace tsayawa sitiyari ya hau, kowane tashi ya sauko. Tafiya 20 ke nan a rana, a shekara 7,300. Alhali gyara zaman sitiyari na gaskiya, wanda direba ke buƙata, bai fi sau biyu a mako ba a gidan Baban Khalifa. Ke nan abin da ke cinye moton ba buƙatarka ba ce, wannan karramawar ta buɗe maka hanyar fita ce.

Kuma ana iya kashe ta ita kaɗai ba tare da yanke waya ko cire soket ba. Ƙarƙashin dasbod ta ɓangaren direba akwai soket mai rami 16 da ake jona na'urar duba mota, wanda duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da shi. Mai manhajar Toyota da ake kira Techstream zai shiga ya kashe hawa da saukar makulli, maɓallin hannu da lamba 1 da 2 su ci gaba da aiki. Aikin minti kaɗan ne.

Sai maganar gurnanin daƙiƙa ɗaya. A jikin moton akwai ɗan abin da ke ƙirga juyawarsa yana faɗa wa kwamfuta, da shi take sanin inda sitiyari yake. In ta ba da wuta ba ta ga ƙirge na tafiya ba, sai ta yanke don kada moton ya ƙone. Shirun da kake ji bayan gurnani, kwamfutar ce ke kare shi.

Oga Rewaya:
Malam ya gama magana. In ƙara da abin da nake gani da idona a nan garin. Giris ɗin da kamfani ya sa ba a yi shi don ya shekara 20 ba. Ga zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Man cikin giris ɗin ya tsane, ya bar dusa. Sai buda ta zo da ƙurarta mai laushi kamar garin alkama, ta shiga ta ramin maɓalli da gefen murfi ta zauna a kai. Da sanyin asuba abin ya daskare, shi ya sa taka take jan ƙafa da safe ta ware da rana. Alamar giris ce wannan, ba ta mataccen moto ba.

Ga yadda zan yi in ni ne. Da farko a auna batir. Mota a kashe ya nuna kusan volt 12.6, in an tayar ya haura 13.5 zuwa 14 da ɗoriya. Batir mai rauni kan tayar da inji amma ya kasa tura abin da ya riga ya cije, don haka a gwada maɓallin inji na aiki. In bai yi ba, a miƙe tayoyi, a kashe mota, a cire kan batir na baƙar waya, a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a sa hannu. Wannan jiran ba wasa ba ne. RX330 tana da jakar iska ta gwiwa, daidai ƙarƙashin wuyan sitiyari, wato inda mai gyara ke cusa kansa. Duk soket mai launin rawaya da ka gani, na jakar iska ne, kada a cire shi, kada a sa masa mita ko fitilar gwaji.

Daga nan a cire murfin roba na wuyan, a kwance moton sama da ƙasa daga mazauninsa. Gwaji biyu za a yi. A mayar da batir, moton na rataye a soket ɗinsa ba ya ɗauke da komai, a danna maɓalli. In ya juya da ƙarfi, lafiyarsa lau. Sannan a kama dogon ƙarfen a juya da hannu. In ya ƙi ko yana tauri, ga ɓarawon nan. A goge tsohon giris da tsumma da tsohon buroshin haƙori, zare bayan zare, a sa sabo mai laushi irin farin nan da ba ya cin roba. Ban da baƙin mai, ban da giris ɗin boris mai kauri, ban da wanke roba da fetur.

Ɗan Mabera:
Oga me zai hana a jona moton da batir kai tsaye a gani?

Oga Rewaya:
Ana yi, amma sai wanda ya san wayoyin. A soket ɗin akwai na wuta, akwai na abin ƙirgen da Malam ya faɗa. Ka ba na ƙirge wutar batir, ka kashe shi, moto mai lafiya ya zama na yarwa. Kuma ba kowace Lexus ba ce iri ɗaya, tsofaffin LX470 motonsu wani iri ne daban, ba ya juyawa da wutar batir kai tsaye. Gwaji da maɓallin motar ya fi aminci.

Mai Kayan Gyara:
To ni dai ina nan a kan bakana, in moton ya gaji wanki ba zai tashe shi ba. Baban Khalifa ka dawo mana da labari, ko wane ne ya yi daidai.

Baban Khalifa:
Salamu alaikum, na dawo da labari kamar yadda aka nema. Jiya Asabar na kai wa Oga Rewaya, na tsaya a kai daga farko har ƙarshe kamar yadda Hajiya ta ce. Batir lafiya. Da aka cire murfi na ga abin da idona. Ƙarfen mai zare ya yi baƙi ƙirin, giris ɗin ya zama kamar ƙanzon tuwo, Oga yana ɗaye shi da bakin sukudireba yana faɗowa gutsure-gutsure a kan kafet. A ƙarshen zaren, inda notin ya tsaya, ƙura da giris sun yi wani zobe mai tauri, nan ya cije. Moton da aka raba shi da ƙarfen ya juya, amma Oga ya ce ƙarfinsa bai kai yadda ya so ba.

An wanke, an sa sabon giris, an juya da hannu sama da ƙasa har ya yi laushi, aka mayar. An yi wa na gaba da baya ma tunda an riga an buɗe. Yanzu yana sauka yana hawa, ba gurnani, sai dai wajen hawa yana ɗan nauyi. Ba a taɓa sitiyari ba, ham na yi, ba fitilar da ta kama. Daga can muka je wajen mai na'ura aka kashe hawa da saukar makulli. Abin da na biya duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin wuyan ba. Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Abu ɗaya da ya tayar mini da hankali: bayan an mayar da batir gilasan ƙofa sun daina hawa da dannawa ɗaya. Oga ya nuna mini, a kowace ƙofa a sauke gilashi, a ɗaga shi har ƙarshe a ci gaba da riƙe maɓallin na ɗan lokaci, sai ya dawo daidai.

Mai Kayan Gyara:
Alhamdu lillahi. Amma ka ji da bakinka, wajen hawa yana nauyi. Kabon ne. Zan sa a duba mini moton shi kaɗai a Kano, in an samu mai kyau in ajiye maka, ba sai ka biya yanzu ba.

Oga Rewaya:
Ka ajiye masa Alhaji, zai yi amfani wata rana. Amma tunda yanzu sau biyu a mako zai riƙa aiki maimakon 20 a rana, ina sa ran zai ja lokaci.

Maman Ilham:
Oga, tawa ma ta fara jan ƙafa da safe, kuma wuyan da aka sa mini bara ba a sa masa sabon giris ba, a gabana aka ɗaura shi yadda ya zo. Yaushe zan kawo?

Oga Rewaya:
Ki kawo ranar Talata da safe Hajiya, kafin rana ta buɗe, don in ji yadda yake yi da sanyi. Daga yau zuwa ranar ki bar shi inda ya yi miki daidai, in ya tsaya a hanya kada ki yi ta danna maɓallin.